Ta Yaya Zan Gane Inda Kuɗin Tsaro da na Makarantu Suke Tafiya?

Tambaya: Malam, ciyaman ɗinmu kullum cewa yake tsaro da ilimi sun cinye kuɗin ƙaramar hukuma. Ta yaya talaka zai gane gaskiyar maganar?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sanin abin da ya shigo. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma ana wallafa kason kowacce wata-wata. Nemi na taku. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, don haka ka tambayi kansilanku nawa ne ya iso hannu.

Maganar tsaro kuwa, 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya faɗa, kuma daga Abuja albashinsu yake fitowa. Yawanci abin da ciyaman ke kashewa bai wuce man motar sintiri, gyaran caji ofis da alawus ɗin 'yan banga ba. To 'yan banga nawa ne a rubuce, nawa ake gani da dare? Yaushe rabonsu da alawus? Su za su gaya maka. Abin da ake kira kuɗin tsaro ba a cika nuna rasitinsa ba, kuma nan ne ya fi damuna.

A makaranta aka fi samun abin kamawa. Albashin malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, shi ya sa yake lashe kaso mai tsoka, a nan ciyaman yana da gaskiya. Amma yawancin sababbin ajujuwa aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) ne da takwararta ta jiha (SUBEB), sai ka karanta allon kwangila kafin ka yaba wa wani. Ka shiga kwamitin kula da makarantar unguwarku, ku karɓi jerin sunayen malamai daga sakataren ilimi, ku je da safe ba sanarwa ku ƙirga waɗanda ke cikin aji. Sannan ku miƙa wa ɗan aji huɗu littafin Hausa ya karanta layi biyu. Idan ya kasa, ba a samu abin da aka biya ba.

In an hana ku takardu, ku rubuta wasiƙa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa.