Amsa ga ɗana na Wusasa game da zamanmu a zangon Kumasi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawa Kiristoci muke zaune a zango tsakiyar Musulmi alhali Kumasi cike take da majami'u, kana kuma tsoron kada bangaskiyarmu ta yi sanyi.

Zango tun asali masaukin fatake ne. Goro ne ya jawo mutanenmu Gana, ta kasuwar Salaga har suka gangaro ƙasar Asante, kuma duk wanda ya fito daga arewa, Bahaushe ko Bazabarme ko Mosi, a zango yake neman mai masauki. Iyayenmu ma nan suka sauka, nan aka yanke mana cibiya. A 1969, da gwamnatin firayim ministan Gana Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takardu, ba wanda aka tambaya addininsa. Manyanmu sun ce tsoro ɗaya aka kwana da shi, da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Mutanen da aka sha wannan wuya tare da su, ba a tashi a bar su don kawai an ga unguwa mai ƙararrawa.

Ranar Lahadi muna zuwa majami'un gari, wasu Presbiteriya, wasu Metodis, ana sujada da Twi, harshen Asante, da Turanci, ana kiɗa ana rawa har zuwa gaban kwanon baiko. Da farko sai ka ga ana kallon babbar rigarmu, domin a nan duk mai jin Hausa an riga an yanke cewa Musulmi ne. Da yamma kuwa mukan taru a ɗakin ɗayanmu mu buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, aikin da ɗan mishan Dokta Miller ya jagoranta a ƙasarku har ya fito cikakke a 1932, mu rera waƙoƙin da kuke rerawa.

Inda al'adarmu ta fi fita daban shi ne wajen mutuwa. 'Yan'uwanmu Asante sukan ajiye gawa a asibiti makonni, wani lokaci watanni, sai a tsai da wata Asabar, a fito da ja da baƙin zane, a kashe kuɗi mai yawa. Ban raina su ba, girmama iyaye ne a wurinsu. Mu dai ba ma jinkirta biso. Mun gaskata wanda ya yi barci cikin Almasihu ya riga ya isa gida, don haka ba mu ga dalilin cin bashi a kan gangar jikinsa ba. Kuma a irin wannan rana nake ganin hannun Ubangiji ƙarara: kafin fasto ya iso, maƙwabta Musulmi sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, matansu sun kawo koko da ƙosai, suna zaune da mu har dare. Yesu ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa, ni kuwa ba na iya tuna wannan aya ban ga fuskokinsu ba. Da azumi mu ma mukan aika musu abin buɗe-baki. Da Babban Limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista ta 2019, duniya ta yi mamaki, mu a zango ba mu yi ba.

Abin da yake damuna daban ne. Jikokinmu suna jin Hausar zango, wadda ba ta raba "ya" da "ta", amma karanta ta yana ba su wuya, addu'arsu kuma ta koma Turanci. In ka sami mai zuwa, ka aiko mana da Littafin Waƙoƙi da Sabon Alkawari ko guda nawa ne, namu sun yage. Ka gai da mahaifiyarka da dukan ikilisiya.