Muryar Yaya kan dogon hutun yara

Assalamu alaikum. Auta, na saurari muryarki. Kin ce a faɗa miki ko istiraha, gidan shaƙatawan nan na haya, za a kama a dogon hutun nan na yara ko Ɗa'if za a hau, don kowane gida ya san abin da zai kawo. To ni na gane abin da kike tambaya. So kike ki ji ko za a tsallake gidan Goggo a wannan karon, tunda in an kama istiraha sai a ce kowa ya same mu a can, an huta da zagayen gaisuwa. Ba za a tsallake ba. Goggo ba ta iya sauko wa daga benen nan na Shari'a Mansur a nan Makka, gwiwa ta hana, kin sani na sani. Kuma ita har gobe Alhamis ce ranar baƙinta, ba ruwanta da an mayar da hutu Juma'a da Asabar tun 2013. Saboda haka Alhamis bayan la'asar kowa da yaransa a gidanta. Juma'a in an sauko daga masallaci sai unguwar Rusaifa wajen Kawu. Asabar da asuba, a'a, bayan an idar da sallah dai, mu kama hanyar Ɗa'if.

Istiraha kuwa, wallahi ni ta fita a raina tun bara. Ku tuna fa. Muka tara kuɗi, muka je muka kulle kanmu a cikin katanga. Maza suna majalisa suna musun ƙwallo tsakanin Ittihad da Hilal, mu muna kicin daga kabsa sai wankin faranti, yara kowa ya dunƙule a lungu da waya. Ruwan wankan da aka yi ta kwaɗaita musu kore shar, ba wanda ya yarda ɗansa ya shiga. Da za mu tafi mai wurin ya riƙe kuɗin ajiya, wai mun fasa fitilar bakin ƙofa, fitilar da muka tarar a fashe, mijinki ma ya nuna masa tun shigarmu. Har yau kuɗin nan bai dawo ba. Ni ba kuɗin ne ke cina ba. Abin da ke cina, ranar Goggo ta sa an dama mata fura kwano guda, ta zauna jiran jikoki har isha'i, ba wanda ya leƙa. Da na je washegari ba ta ce min komai ba, sai ta ce a ɗauko furar a firiji a ba ni. Yanzu ma da nake faɗa raina ɓaci yake.

To Ɗa'if. Tafiyar ba ta wuce kilomita 90 ba, in hanyar Hada a buɗe take mu bi ta nan, in hazo ko ruwa ya sa an rufe sai mu zaga ta Sail. A Hada don Allah a rufe gilashi, birai sun saba da mutane, leda suka gani a hannun yaro sai sun fizge. Ɗa'if tana sama da mita 1,800, Shafa, ƙauyen kan dutse da ke kusa da ita, ta fi haka tsawo, iskar can daban take da zafin Makka. Kuma ba ina nufin mu je mu shimfiɗa darduma a gindin mota mu ci mu tashi ba. A ajiye motoci, a taka da ƙafa tsakanin gonaki, yaro ya ji dutse a ƙafarsa, ya ga ƙayar barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya a jiki, ya ga rumman a jikin bishiyarsa tunda lokacinsa ne. Ɗan wajena ƙarami kwanaki ya tambaye ni ko a kwali ake yin rumman, don a kwalin halaga, kasuwar kayan marmari, kaɗai ya taɓa ganinsa. Mu kuwa kakanninmu da ƙafa da jaki suka ratso Chadi da Sudan har bakin teku kafin su ga Ka'aba. A hanya ne yara ke sakin baki su yi Hausa da manya, a gida daga an yi musu magana sai su mayar da Larabci.

In mun sauko cikin gari mu yi azahar a masallacin Ibn Abbas, sannan mu biya unguwar Masna a nuna musu masallacin Addas, a ba su labarin zuwan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, Ɗa'if da Zaidu ɗan Harisa, da jifan da aka yi masa, da inabin da Addas ya kawo masa. Suna karantawa a makaranta, amma ba su taɓa tsayawa a wurin ba.

Masu son ɗauko umara a dawowa, akwai miƙati a Wadi Muhrim, sai dai maganar wanda ya... bari wannan, Kawu ya fi ni sani, ku tambaye shi ranar Juma'a.

Auta, ke ce da shayi da gahawa, ni zan yi dambun nama da ƙosai. Kowa ya sako wa yara rigar sanyi, Shafa da yamma ba wasa. Kuma ki ce wa mijinki ya kai motar a duba birki kafin Alhamis, gangaren Hada ne.