Amsa ga mai tambaya kan farashin gangar ɗanyen mai da kwangilar jigila

Ɗan'uwa, wallahi tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ka ce ƙasarku sayo mai take yi daga waje, kana son sanin yadda hawa da saukar ganga ke shafar ku, ga kuma wani kamfani na so ka sa hannu a kwangilar jigilar kaya ta shekara guda a kan farashi ɗaya. Kada ka sa hannu sai an rubuta cewa in dizal ya tashi, kuɗin jigila ma zai tashi.

Irin wannan takardar ce a hannuna farkon 2022, lokacin ganga na wajen dala 80. Rasha ta afka wa Ukraine ranar 24 ga Fabrairu, kafin tsakiyar Maris ganga ta kusa dala 140. Dizal ma ya fi ɗanyen man tashi, don Turai ta saba sayen na Rasha, sai ta dawo tana rububin wanda kowa ke saye. Duk lodin da motata ta ɗauka, daga aljihuna nake cikawa.

Na je wurin manajan kamfanin da nake yi wa jigila da rasit ɗin gidan mai a hannu. Ya bar ni zaune a benci tun safe har yamma, ya fito yana latsa waya, ko kallon rasit ɗin bai yi ba. Wai takarda ce ta haɗa mu, shi babu ruwansa da yaƙin Turawa. Abin da ya fi ci mini rai, a cikin watan nan suka ƙara wa kayansu kuɗi, suna gaya wa dillalai wai kuɗin jigila ya hau. Jigilar da ni nake yi, ko sisi ba a ƙara mini ba! Ƙarshe sai da na sayar da mota ɗaya na biya direbobi. Mutumin nan har yau in na tuna yadda yake murmushi... Allah Ya isa kawai.

Abin da zan ja hankalinka a kai, ƙasa mai sayo mai duka biyu take sha. Da dala ake cinikin ganga, to in ta yi tsada, ƙasar na buƙatar ƙarin dala don sayen man da ta saba saye. Ajiyar babban banki ta ragu, kuɗin gida ya faɗi, sai taya da kayan gyara da magani, duk abin da ake shigowa da shi, ya bi sahu. A 2022 ɗin kuma Amurka ta yi ta ƙara kuɗin ruwa, dala ta ƙara ƙarfi. Dubi Sri Lanka: dala ta ƙare musu, ga bashi, mutane na kwana a layin mai, a watan Yuli shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere daga ƙasar.

In gwamnatinku na ba da tallafin mai, kada ka saki jiki. Gibin na taruwa ne a kasafin kuɗi, ranar da ta gaza, dare ɗaya za a cire.

Saukar ganga kuwa, ƙasar kan samu sa'ida, kamar daga 2014 zuwa farkon 2016 da ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30. Amma a famfo saukar tafiyar hawainiya take yi. Za su ce tsohon kaya ne a tanki, alhali ranar hawa ba wanda ke tuna tsohon kaya. In kuma kuɗinku ya riga ya faɗi, ragin ma ba za ka gan shi ba.

Ka riƙa duba canjin dala kamar yadda kake duba ganga. Ka nemi a riƙa biyanka duk wata. Direbobinka kuma ka riƙe su da kyau, nawa sun yi haƙuri da ni lokacin da albashi ke makara. Wane irin kaya ne ma za ka ɗauka, kuma akwai lodin dawowa ko wayam motar za ta juyo?