In ta yi zafi sai ta ƙi tashi

Tambaya: Salam Malam, Honda Accord ɗina ƴar 1994 da safe bugu ɗaya take tashi, amma in na yi tafiya na kashe ta sai ta yi ta juyi ba ta kamawa har sai ta huce. Meye matsalar?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, don Allah kar ka yarda a fara canja maka fulogi da batir. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka kasa kunne, famfon mai zai yi ƙara kamar daƙiƙa 2, in ka ji shiru to yawanci babban rile ne, wato na'urar da ke ba famfon mai wuta, da ke ƙarƙashin dashbod gefen direba, dalmar cikinsa ce ke tsagewa in zafi ya buge ta, ko mai gyaran rediyo zai iya sake liƙe maka. In famfon na yi kuwa, a duba sensan zafin ruwa, wato na'urar da ke auna zafin ruwan inji.