Fatawa: Uwar yaro mai lalura da haƙƙinta na barci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗana shekararsa 15, yana da farfaɗiya da raunin ƙwaƙwalwa. Da dare yakan tashi ya nufi ƙofar gida, don haka ido biyu nake kwana. Na bar nafilar dare, wata rana ma sai hantsi nake farkawa ban yi Asuba ba. In na ce zan kai shi wajen yayata in samu in runtsa, sai dangin mijina su ce na gaji da jarrabawar Allah. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Baiwar Allah, ba ki da laifi, masu wannan magana ne suka yi kuskure.

Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya hana Abud Darda'i raya dukan dare da salla, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka ma haka. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To, in an hana sahabi kashe jikinsa saboda salla, ina ga mai jinya? Nafila ba ta wajaba a kanki ba.

Asuba kuwa, a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya ce babu sakaci a cikin barci. Ki yi Isha'i a farkon lokaci, ki sa ƙararrawar waya, ki roƙi wani ya tashe ki. In duk da haka barci ya rinjaye ki, da kin farka ki yi sallarki, ba zunubi. Abin da bai halatta ba shi ne ki kwanta da niyyar sai rana ta fito.

Inda nake son a tsaya shi ne wajen maigida. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 233, kada a cutar da uwa saboda ɗanta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa ciyar da ɗa namiji yana sauka daga wuyan uba ne idan ya balaga ba shi da naƙasa. Ɗanku bai sauka daga wuyan mahaifinsa ba. Saurayi ne yanzu, ƙarfinsa ya fara fin naki, kuma wanka da suturta shi sun fi dacewa da namiji. Sai a raba dare, ko uba ya biya amintaccen mutum ya riƙa karɓarki. Mu maza mun iya cewa "a yi haƙuri" daga kan tabarmar ƙofar gida.

Kai shi wajen yayarki halal ne, muddin ta san lokacin maganinsa, ta kuma san ta kwantar da shi ta gefe in ciwon ya tashi, ba tare da cusa masa komai a baki ba. Uwar da ba ta yi barci ba ita ce ke manta tukunya a kan wuta, ko ta maimaita ƙwayar da ta riga ta bayar.

Amma kada ki kulle shi shi kaɗai, kada ki ba shi maganin barci na ƴan tebur. Rashin barcinsa ma yana iya tayar da farfaɗiyar, don haka ki kai maganar gaban likitansa.

Allah ne Mafi sani.