Tambaya da Amsa: Kiɗa a Filin Wasa da Cikin Bidiyon Wasanni

Wasiƙun wannan mako daga jihar Kebbi suka fi yawa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: wace waƙa ce mutum zai saka a filin wasa ko a bidiyonsa ba tare da ya taka haƙƙin wani ba.

Salamu alaikum. Ina ɗaukar wasannin ƙwallon unguwanni ina sakawa a YouTube da Facebook. Na ɗora waƙar wani mawaƙi ta daƙiƙa 20 kacal a kan ƙwallayen da aka ci, na kuma rubuta cewa waƙar ba tawa ba ce. Duk da haka an kashe sautin a Facebook, a YouTube kuma an ce kuɗin tallar ba nawa ba ne. Ina laifina? Daga wani matashi a Birnin Kebbi.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rubuta "waƙar ba tawa ba ce" ba izini ba ne, shaida ce ma ka bayar cewa ka san da mai ita. Zancen daƙiƙa 20 ko 30 da ake yaɗawa kuwa babu shi a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, babu shi kuma a ƙa'idojin YouTube.

Kowace waƙa da kake ji a waya haƙƙi biyu ne a kanta. Akwai haƙƙin baiti da karin sauti, na wanda ya tsara ta. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a sutudiyo, wanda sau da yawa yana hannun furodusa ko kamfanin da ya biya kuɗin aikin. Ɗora waƙa a kan hoto mai motsi yana buƙatar yardar ɓangarorin biyu. Nan ne mutane suke faɗawa rami: mawaƙi ya ce maka "je ka yi, na yafe", alhali ya riga ya miƙa waƙar ga kamfanin rarrabawa, su kuma sun shigar da ita Content ID, manhajar YouTube mai gano waƙoƙin da ke da masu su a cikin bidiyo. Manhajar ba ta san kun yi magana ba, sautin kawai take kwatantawa.

Abin da ya same ka a YouTube iƙirarin mallaka ne, bai kai gargaɗi ba, kuma tasharka ba ta cikin haɗari saboda shi. Ka shiga YouTube Studio, ka buɗe bidiyon, za ka ga zaɓi uku: yanke wurin, share waƙar, ko musanya ta da wata. Kada ka danna ƙalubalanta sai kana da takardar izini a hannu. Mai waƙar yana da kwana 30 ya amsa, kuma idan rigimar ta kai ya nemi a sauke bidiyon, gargaɗi ne zai hau kanka. Gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya rufe tashar baki ɗaya.

Nan gaba ka ɗauki kiɗa daga YouTube Audio Library, ko Sound Collection na Meta idan Facebook da Instagram za ka saka. Ka karanta sharaɗin kowane ɗaya, domin wasu sai ka rubuta sunan mai su a ƙasan bidiyo. Amma shawararmu ta fi karkata ga wani abu daban: ka nemi mai kiɗa a sutudiyon garinku ya haɗa maka naka na minti biyu ko uku. Ku rubuta takarda mai ɗauke da sunan kiɗan, wuraren da za ka yi amfani da shi, tsawon lokaci, kuɗin da ka biya, da alkawarin ba zai shigar da shi Content ID ba. Idan kana son ya zama naka kai kaɗai, doka ta ce irin wannan yarjejeniya sai a rubuce take tabbata. Mai kiɗan da mai rerawa duk su sa hannu, da shaidu biyu.

Ranka ya daɗe, muna shirya gasar ƙwallo tsakanin gundumomi, ana biyan kuɗin shiga, wani ɗan kasuwa ne kuma ya ɗauki nauyi. Mai sautin da muka ɗauko ya ce duk waƙoƙinsa saye ya yi. Akwai sauran abin da ya rage mana? Daga sakataren wani kwamitin gasa, Jega.

Akwai, Malam. Sayen waƙa ko biyan kuɗin wata na Spotify ko Boomplay izinin sauraro ne na mutum shi kaɗai. Saka ta a lasifika ga taron jama'a haƙƙi ne daban, kuma wanda za a fara tambaya shi ne mai shirya taro ko mai filin. Ba sai ka bi mawaƙa ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi a madadinsu, irin su MCSN, da ke ba da lasisin bai-ɗaya na taro guda ko na shekara. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa aiki sai da amincewar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, saboda haka kafin ka biya kowa ko sisi ka tabbatar daga hukumar cewa amincewarsa na nan da rai. Ka tanadi bayanin yawan 'yan kallo da filin ke ɗauka, kwanakin gasar da kuɗin tikiti. Idan filin gwamnati ne kamar na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi, ka fara tambayar masu kula da shi ko suna da lasisin da ya haɗa da masu haya.

Wannan lasisi na cikin fili ne. Idan kuna haska wasan kai-tsaye a Facebook, waƙar hutun rabin lokaci za ta shiga makirufon kyamara, kuma ana iya yanke muku haskawar nan take. Ku ba mai sharhi makirufonsa daban ta cikin mikisa, ku rufe na fili duk lokacin da kiɗa ke tashi.

Ina ɗaukar dambe da kokawa. Makaɗan kalangu suna kiɗa a wurin, wani lokaci kuma nakan ɗora tsofaffin waƙoƙin mawaƙan da suka rasu. Ai waɗannan na kowa ne ko? Daga mai ɗaukar bidiyo, Argungu.

Ba na kowa ba ne, Malam, kuma wannan kuskure ya fi ci mana rai fiye da sauran. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan nasa yana nan har ƙarshen 2069, kuma magadansa ake nema. Sautin da aka naɗa kuma yana da nasa wa'adin na shekara 50 daga fitowarsa, wataƙila a hannun gidan rediyo ko kamfanin faifai. Mutanen nan sun bar iyali, ba daidai ba ne a riƙa tara kuɗin talla da muryar ubansu su ko labari ba su ji ba.

Makaɗan da ke fili su ma doka ta ba su haƙƙi a kan ɗauka da yaɗa wasansu. Liƙin da 'yan kallo ke yi musu ba kuɗin bidiyonka ba ne. Ka je wurin shugaban makaɗan kafin a fara turmin farko, ku daidaita, ka ɗauki yardarsa ko da a murya ce, ka rubuta sunansa a bidiyon. A babban taro irin bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ka nemi izinin kwamitin shirya biki tun kafin ranar.

Sannan akwai abin da dokar gwamnati ba ta faɗa ba amma 'yan dambe sun san shi. Kowane gwani yana da takensa da kirarinsa. Ka ɗora taken wani a kan wurin da abokin karawarsa ya yi kisa, ka jawo wa kanka rigima da ɓangare guda. Tambari da kakaki kuma na sarakuna ne, ba a ƙawata bidiyon ɗan wasa da su. A gaskiya ma dambe ba ya buƙatar kiɗan sutudiyo. Ka ajiye ƙaramar na'urar naɗar sauti taku uku ko huɗu daga masu kalangu, wata kuma ta fuskanci 'yan kallo, ka haɗa su a wurin tacewa.

Ni malama ce, ni ke haɗa bidiyon wasannin makarantarmu. Kiɗan yakan danne maganar mai sharhi, hotunan kuma ba sa tafiya da shi. Daga Zuru.

Malama, ki fara zaɓen kiɗa kafin ki yanka hoto. Gudu da ƙwallo sun fi dacewa da kiɗa mai bugu 120 zuwa 140 a minti, marar baiti, domin murya biyu ba sa zama wuri ɗaya. A kiɗa mai bugu 120, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, wato firam 15 idan bidiyonki mai firam (hoto) 30 a daƙiƙa ne. Ki sa alama a kowane bugu na huɗu, ki riƙa sauya hoto a kansa, cin ƙwallo ko tsallake layi ya faɗo daidai inda ganga ta fi ƙarfi. Idan mai sharhi zai yi magana, ki sauke kiɗan da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 zuwa 18, ki mayar da shi a hankali cikin rabin daƙiƙa. Ki saurara a lasifikar ƙaramar waya kafin ki fitar, a nan iyayen yara za su kalla.

Me ya sa na gaba ke toshe kunne, na baya kuma ba sa jin sanarwa? Daga mai hayar kayan sauti, Yauri.

Saboda ka tara lasifikoki wuri ɗaya a ƙasa. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti na raguwa da kusan desibel 6, jikin mutanen gaba kuma yana shanye wani. Ka ɗaga su sama da kai, mita biyu da rabi zuwa uku, ka karkato su ƙasa kaɗan, ka ƙara wasu a tsakiyar rumfa. Sauti na tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ke mita 30 daga ta farko sai an jinkirta ta da kusan milisakan 87, in ba haka ba magana za ta riƙa fita biyu-biyu. Ka ware wa kayan sauti janaretonsu, kada su haɗu da firijin masu sayar da ruwa.

Kiɗa ya tsaya da zarar alƙalin wasa ya hura usur, ya tsaya kuma idan an fara kiran La'asar ko Magariba. Ka cire waƙoƙin siyasa da masu habaici daga filashinka tun a gida. Ka duba taken ƙasar da ke ciki ma, domin an sauya shi a watan Mayu na 2024, kuma har yanzu akwai masu yawo da wanda aka daina.