Bashin China: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Malam, me ya sa shugabannin Afirka ke dawowa daga taron China da bashi a wuya? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malam, karɓar bashi ba laifi ba ne, wajen sa hannu ake yin sakaci. Dubi layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016: bankin Exim na China ya ba da rancen dala miliyan 500, kamfanin gine-gine na China mai suna CCECC ya yi aikin. Tikiti da naira ake sayarwa, bashin kuwa da dala ake biya. Dalar da ke wajen naira 300 a lokacin ta haura 1,500 a 2024. Ga shi kuma kowace ƙasa ita kaɗai take zama teburin ciniki, maimakon a haɗa kai ƙarƙashin Tarayyar Afirka.